Wasiƙa Biyu, Babu Suna

Ƙarfe ukun dare a Fot Sudan.
Fanka tana kwashe zafi daga wannan kusurwa
tana kai wa waccan.
Teku na bayan katanga yana lasar gishirinsa.
Ni kaɗai a ofis,
sai talabijin da na toshe wa baki,
da taswirar wata ƙasa mai nisa
ana shafa mata ja, ana shafa mata shuɗi,
kamar yara sun tsinci alli.

Tun la'asar Ustaz Mahjub ya ce:
Attayyib, rubuta guda biyu.
Ɗaya in wannan ya ci, ɗaya in wancan.
Bar gurbin suna.
Kada yabo ya yi yawa a ce roƙo ne,
kada ya yi kaɗan a ce gaba ce.
Ya ɗauki makullin mota ya tafi.

Na rubuta: muna taya ka murna.
Na rubuta: zumuncin ƙasashenmu daɗaɗɗe ne.
Na sake rubuta su a ɗaya takardar.
Layi guda ne bambancinsu:
a nan, mu ɗora daga inda muka tsaya,
a can, mu buɗe sabon shafi.
Ni da na buga su ma
sai na duba sau biyu kafin in gane wacce ce wacce.

Na buɗe wa talabijin baki kaɗan.
Ga shugabannin duniya, kowa a gaban tutarsa.
Wani ya ce miyar gidan wani ba ruwansa da ita,
amma yana ta goge goshi da hankici.
Wani ya ce duk wanda ya ci abokinsa ne tun tuni.
Wani ya yi gum,
ya aiko kakakinsa ya yi gum a madadinsa.
Ashe a daren nan
kowace fada tana da irina,
wani mai jajayen idanu
da ke gadin wasiƙa biyu.

Waya ta yi ƙara. Inna ce daga Mai Wurno,
barci ya ƙaurace mata tun da ƙanena ya daina kira.
Ta ce, an ce can ana zaɓe?
Na ce ana yi, Inna.
Ta ce, wanda zai ci ɗin, ya san da mu?
Na dubi taswirar, babu koginmu a ciki.
Ta ce, to in ka rubuta masa
ka sa masa kuɗin buhun dawa.
Ka ce masa mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo,
amma kwanon rufin daga wajensu ake sayo shi.
Layi ya yanke kafin in ce
takardar ba ta da gurbin wannan.

Kakanninmu da ƙafa suka tako daga yamma,
gabas suka nufa, kogi ya tsayar da su.
Ba wanda ya aiko musu da murna.
Suka kafa bukka, suka shuka dawa.

Asuba. Ladan ya kira, launi ɗaya ya rinjayi taswira.
Ustaz Mahjub ya shigo da ƙamshin turare,
ya faɗa mini sunan, harafi bayan harafi,
na cike gurbin kamar mai cusa tsumma a ramin ɓera.
Aka sa hannu, aka buga hatimi, ta tafi.

Ɗayar na fito da ita ƙofar ofis.
Batula mai shayi tana fama da gawayi,
ta karɓa, ta fifita wuta da ita har ta kama,
sannan ta naɗe mini ƙosai uku a ciki.
Ina tafe ina ci.
Mai ya ratsa takardar,
daidai kan kalmar zumunci,
har ina hango yatsana ta bayanta.